Kin Taka

Da ana iya mayar da magana ciki bayan ta fita, da kalma biyu zan fara haɗiyewa. Na yi ɓarna da hannuna, na yi da taurin kaina, amma waɗannan kalmomi biyu su ne har yau in na tuna nake rasa inda zan sa fuskata. Matata na ce wa, "Kin taka." Na faɗa mata a ɗaki, na fito na faɗa a zaure, na tashi takanas na je na faɗa wa danginta. Alhali ba ta taka ba.

Ni maɗori ne, ɗan maɗori, jikan maɗori. Gidanmu na cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Jatau, kuma duk wanda ya karye a wannan yanki an san zauren da za a kai shi. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi firamare har aji biyar, daga nan mahaifina ya zaunar da ni kusa da shi. Abin da na sani a hannuna yake. Ina shafa ƙafa in gane karaya ce, ko targaɗe, ko gocewar ƙashi. In ja, in daidaita, in shafa man kaɗanya, in jera tsagin gora, in naɗe da tsumma, in tofa addu'ar da muka gada. Manoma daga ƙauyuka, leburorin da suka faɗo daga kan gini, 'yan acaɓa, duk sun kwanta a tabarmata, kuma da ikon Allah yawancinsu sun tashi da ƙafarsu.

Akwai wata al'ada ta gidanmu da ban ga wasu maɗora suna yi ba. In muka gama ɗorin ƙafa, sai mu dama farar ƙasa mu shafe tafin da ita. Ranar kwancewa, tafin za mu fara dubawa. In farar ƙasar na nan, mai ƙafa ya kiyaye. In ta goge, ya taka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Ɗorin gidan nan ba ya ƙin kamawa. In ka kwance ka ji ƙashi na motsi, kada ka tuhumi hannunka, mai ƙafa ne ya taka." Kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Manomi ba ya iya kwana arba'in a kwance alhali ciyawa na cin gonarsa. Na sha ganin mutum yana rantsuwa bai taka ba, ga jar ƙasa har tsakanin yatsunsa. Da wannan na girma, cewa ɗori ba ya ƙarya, majinyaci ke yi.

Matata taubashiyata ce, 'yar ƙanwar mahaifina. Tun muna yara wasa ke tsakaninmu, kuma aure bai kashe shi ba. In tana son ta tsokane ni sai ta ce, "Sarkin ɗori, a taimaka a ɗaure mana ƙafar kujerar nan, ko ita ma sai ta yi kwana arba'in?" Mace ce mai kazar-kazar. Ɗinkin hula take yi, kuma ba ta duba zane, a ka take riƙe shi.

Ba zan iya cewa ga ranar da ciwon ya fara ba. Ta ɗan haura hamsin lokacin da na fara jin tana nishi in za ta tashi daga tabarma.

"Malam, ƙasusuwana ciwo suke yi, kamar ana tauna su daga ciki."

"Tsufa ne ya yi sallama, Hajiya, sai ki amsa masa."

"Kai da ka girme ni da shekara tara fa?"

"Ni ai ba ni da son jiki."

Ta yi dariya, na yi dariya. Haka muka riƙa rufe maganar da wasa har kusan shekara uku.

A cikin shekarun nan abubuwa suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa haɗa su wuri guda ba. Kofin randa ya daina hutawa, ta sha ruwa ta zaga bayan gida, ta dawo ta sake sha. Cikinta ya riƙa ɗaurewa, na ce basir ne. Babbar 'yarmu, wadda ta ci sunan mahaifiyata nake ce mata Mamana, malamar firamare ce, tana aure ta wajen Wusasa. Ita ta kai ta aka gwada ko ciwon suga ne, aka ce babu. Maimakon in ce to mene ne, sai na ce, "Kun gani ko? Lafiyarta ƙalau."

Wata rana ciwon kwiɓi ya kama ta har tana birgima a ƙasa. Da ya lafa, ta yi fitsari da jini, wata 'yar tsakuwa ta fito. Ta wanke ta, ta sa a takarda ta kawo mini. Na juya ta a tafin hannuna na ce, "Shinkafar gida ce, ba kya rege ta da kyau. Ga tsakuwar ta ɓata hanya." Wallahi haka na faɗa, kuma na ɗauka na yi magana mai ma'ana.

Daga baya sai mantuwa. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta ɗauki hula ta yi ta kallonta, ta rasa inda zanen ya nufa, ta ajiye. Matar da ba ta iya shiru sai ga ta zaune a bakin ƙofa ta zuba tagumi, wani lokaci da hawaye, in na tambaya ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Na ɗauka fushi take yi da ni a kan wani abin da ba ta son faɗa, sai ni ma na ɗaure fuska.

Karayar ta zo da hantsi, a farkon bazara. Ta fito daga ɗaki da buta a hannu, ta sauko daga dokin ƙofa, wanda tsayinsa bai kai taƙi ɗaya ba. Ina zaure na ji ƙararta. Na tarar da ita a ƙasa, ƙwaurin dama ya lanƙwashe.

"Garin yaya kika faɗi?"

"Ban faɗi ba, Malam. Ƙafar ce ta karye, sannan na faɗi."

"Ƙafa ba ta karyewa haka kawai. Santsi ne ya ɗebe ki."

Da na sa hannu, hannuna ya gaya mini gaskiya. Ƙashin babba in ya karye yana da kaifi, yana da nauyi, kana jin bakinsa. Wannan kuwa laushi gare shi, kamar karan dawa da ya sha ruwan damina. Ban taɓa jin irinsa ba. Na ji, na kuma yi kamar ban ji ba. Na ja, na ɗaure, na shafa farar ƙasa, na ce kwana arba'in.

Na yi mata hidima, wannan ba zan ɓoye ba. Kullum sai na tare masu nono na sayi kindirmo, na sa a dafa mata romon ƙashi, don haka muke yi wa mai karaya. Tana turewa, tana cewa zuciyarta na tashi, ina cewa ta daure. Matar ƙanena da muke gida ɗaya ita ke taimaka mata da fo da wanka.

Ranar arba'in na kwance. Tafin ƙafa fari fat, yadda na shafa shi, har da sawun yatsana a gefen dunduniya. Na kama ƙwaurin na ɗan motsa. Ƙashi ya motsa kamar jiya aka karya.

Ina durƙushe a wurin, abin da ya fara zuwa raina ba ciwonta ba ne. Zaure ne ya zo mini. Gari duk ya san matar maɗori ta karye, kuma ana lissafa kwanaki tare da ni. Na ɗaga kai na ce, "Kin taka."

"Malam, dubi tafin."

"Farar ƙasa ai a gidan nan take, ba daga Makka ake sayo ta ba. Kin taka kin sake shafawa."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Shekara talatin da shida muna tare. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Na ci gaba da naɗe tsumma.

"Shi ke nan," in ji ta. "Allah ya gani."

Daga ranar ba ta sake ce mini Sarkin ɗori ba.

Da la'asar abokan zamana suka taru a zaure, wani ya ce, "Yaya ƙafar Hajiya, an sauka lafiya?" Na ce, "Ina fa! Kun san mata da rashin haƙuri, ta taka." Suka yi ta girgiza kai suna ba ni haƙuri, ni, ba ita ba. Bai ishe ni ba. Washegari na je gidan yayanta, dattijon da ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, wanda take jin kunyarsa kamar uba. Na ce ya zo ya yi wa ƙanwarsa faɗa. Ya zo da sandarsa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya ce mata, "Ke yanzu da girmanki? Mijinki na wahala a kanki kina ɓata masa aiki, kuma ki ƙara da musu?" Ba ta ce masa komai ba sai "To, Yaya."

Na sake ja, na sake ɗaurewa. Ƙarar da ta yi a wannan ja na biyu, matar ƙanena sai da ta toshe kunne ta fita.

Sai na yi abin da ya fi duka muni, kuma da tunani na yi shi, ba da fushi ba. Na ce a raina, me ke sa ta taka? Yawan fitsari. Me ke kawo fitsari? Yawan shan ruwa. Saboda haka na ɗauke jug ɗin ruwan da ke kusa da ita, na ce kofi uku a yini, ni zan riƙa ba ta da hannuna. A bazarar Zariya, a ɗaki mai rufin kwano.

"Malam, ruwa."

"Kin sha da azahar. Sai la'asar."

"Ko rabin kofi."

"Don ƙafarki nake yi."

Kwana tara aka yi haka. Ta fara amai, ta fara barcin da ba na lafiya ba. A kwana na tara na shiga da kofi, ta buɗe ido ta kira ni Baffa, yadda take kiran mahaifinta da ya rasu tun tana budurwa. Ta ce in ce wa mutanen da ke tsaye a kanta su matsa. Babu kowa a ɗakin. Na ce iska ce ta shige ta, na zauna na fara tofi.

A haka Mamana ta same mu, ta biyo daga makaranta da rana tsaka. Ta taɓa goshin uwarta, ta buɗe bakinta ta ga harshe a bushe kamar fata.

"Baba, asibiti za mu kai ta."

"Ba a kwance ɗorin gidan nan a asibiti."

"Baba, tunda ka haife ni ban taɓa ɗaga maka murya ba. In ka ga dama ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata, amma yau sai Inna ta bar ɗakin nan."

Ba ta jira amsata ba, ta kira mijinta a waya. Mota ba ta shiga lungunmu, sai a kan tabarma aka ɗauke ta, mutum huɗu, har bakin titi. Maƙwabta na tsaye suna kallo. Na bi su a baya kamar baƙo.

A asibiti ruwa suka fara sa mata ta jijiya, leda na ƙarewa ana rataya wata. Aka ɗebi jini. Na zauna a benci ina kallon ruwan nan yana ɗiga, ina tuna kofi uku. A kwana na uku ta farfaɗo ta gane mu.

Likitan matashi ne, bai fi sa'ar Mamana ba, mai ladabi. Ya tsaya a gefen gadon ya ce, "Mama, jikinki ya bushe ƙwarai lokacin da aka kawo ki. Mai irin ciwonki ruwa ne ke riƙe da shi. Me ya hana ki sha?"

Mamana ta sunkuyar da kai. Na san ya kamata in yi magana, ban yi ba.

"Ni ce ban sha ba, likita," in ji matata. "Ba na son yawan tashi."

Ƙaryar farko da na taɓa ji daga bakinta ke nan, kuma don ta rufa mini asiri ta yi ta.

Daga baya likitan ya kira ni da Mamana ofishinsa. An gaya masa sana'ata, sai ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya ce, "Baba, kai ka san ƙashi fiye da ni a hannu. Me ka gani?" Na sha ganin irin hotunan nan, masu karaya kan zo mini da su. Ƙashin lafiya fari ne sol. Na matata kuwa dishi-dishi, da ramuka a ciki, kamar azarar da gara ta ci.

Ya ce ciwon ba a ƙafa yake ba, a wuya yake. Na ce wuyanta lafiya lau, ba ta da maƙoƙo. Ya ce ba maƙoƙo ba ne. A bayan naman nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama guda huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, su a asibiti faratairod suke ce musu. Aikinsu shi ne lura da kalsiyam, sinadarin da ke sa ƙashi ƙarfi. In ya yi ƙaranci a jini, sai su sa a ɗan ɗebo daga ƙashi, in ya isa su tsaya. To ɗaya daga cikin nata ta girma, ta daina tsayawa, dare da rana tana ba da umarni a ɗebo.

"Ka ga yadda aka yi ta ɗibar ƙasar ganuwa ana gini har wani wurin ya zama fili?" in ji shi. "Haka aka yi shekaru ana yi wa ƙasusuwanta. Abin da aka ɗebo ya cika jini, ƙoda na ta fama ta fitar da shi. Shi ne ƙishirwar, shi ne fitsarin. Ta taɓa fitar da tsakuwa?"

Na ce ta taɓa. Ban gaya masa abin da na ce a kan shinkafa ba.

Ya ce ɗaurewar ciki, da kasala, da mantuwa, da kukan da ba dalili, duk abu ɗaya ne. Gwajin jini biyu suka nuna shi, na kalsiyam da na ruwan da ƙwayar ke fitarwa, duka sun yi sama. Shekara uku ina raba wa ciwo ɗaya sunaye, tsufa, basir, son jiki, fushi, iska.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ke cina. "Likita, da a ce ba ta taka ba, ɗorin zai kama?"

Ya dube ni da mamaki. "Baba, wannan ƙafar ko ta so takawa ba za ta iya ba. Kuma ko a kan auduga aka ajiye ta, da wuya ta kama muddin abin nan na wuyanta."

Mamana ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Mai hankali zai ɗauka daga nan na saduda. Ban saduda ba. Da suka yi hoton wuya suka gano ƙwayar, suka ce tiyata za a yi a cire ta, sai na tubure. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce jijiyar murya na kusa da wurin, murya na iya dishewa, kuma bayan aikin kalsiyam na iya faɗuwa ƙasa sosai, sai an yi ta lura. Na ce ƙafa ke ciwo a yanka wuya? Wuya wurin yankan rago ne. A ba ta magani kawai. Ya ce magani na iya sauke abin na ɗan lokaci, amma wanda ciwon ya kai ga karya masa ƙashi da taɓa ƙoda, cirewa ce maganinsa. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, mai wuyan ita ce za ta sa hannu. Ita kuwa ta ce ba za ta sa ba sai na yarda. Kwana biyar na riƙe su. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

A rana ta biyar na kawo mata abinci, ta ce in zauna.

"Malam, ka ɗaura sau biyu, ban hana ka ba."

"Haka ne."

"To bar su su gwada sau ɗaya."

Aka yi aikin da safe. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a kan layin wuya. Suka nuna mana abin a cikin 'yar kwalba, bai wuce ƙwallon dabino ba. Na yi ta kallonsa. Wannan ɗan abu ne ya karya ƙafar da na kasa ɗaurawa. Daga baya sakamako ya fito cewa ba mugun ƙari ba ne.

Kwana biyu da aikin ta ce leɓɓanta na yi mata kamar tururuwa na bi. Kafin azahar yatsun hannunta suka ƙage, suka haɗe wuri guda, ta kasa buɗe su. Na miƙe ina faɗa, "Ga abin da na guda! Kun taɓa mata jijiya!" Wata malamar jinya, dattijuwa mai baki, ta zo da allura tana cewa, "Malam, zauna, ka tare mana haske. An ce kai maɗori ne, ka taɓa ganin mayunwaci ya ci abinci a hankali? Ƙashinta ne ke rama yunwar shekaru, yana zuƙe kalsiyam ɗin jini. Sauran ƙwayoyin ukun na wuyanta kuma sun daɗe suna barci, ba su gama farkawa ba. An gaya maka za a yi haka, kai ne ba ka saurara ba." Aka sa mata kalsiyam ta jijiya, a gabana yatsun suka saki.

Ta yi makonni ana auna jininta, sannan aka mayar da ita kan ƙwayoyin kalsiyam da bitamin, aka ce ta riƙa shan nono, ta sha ruwa sosai. Da ta ji an ambaci nono, ta juyo da dishasshiyar muryarta ta ce, "Kindirmon nan dai ya rantse sai ya ga bayana." Wasan farko da ta yi ke nan tun ranar arba'in, kuma da malamar jinya ta yi shi, ba da ni ba.

Muryar ta dawo bayan wata biyu. Ƙishirwa ta tafi, hankalinta ya dawo, har ta koma ɗinkin hula. Likitocin ƙashi suka sa ƙafar a farin simintin nan nasu, ta kama bayan watanni, amma ta ɗan karkace kuma ta fi ɗayar gajarta. Da sanda take tafiya, a zaune take salla. Ƙodarta ma ba ta koma yadda take ba, har yau muna zuwa a auna jini lokaci-lokaci. Likita bai taɓa ce mini kwana taran nan ne suka jawo ba, ya ce ciwon ya daɗe yana cin ta. Ni dai na san abin da na ƙara a kai.

Na daɗe ban nemi gafararta ba. Ina yi mata hidima, ina cika mata jug tun kafin ya ƙare, ina ganin kamar hakan magana ce. Wata rana da yamma tana ɗinki a tsakar gida, na jawo kujera na zauna.

"Hajiya, ki yafe mini."

Ba ta ɗaga kai daga hular ba. "Wanne daga ciki?"

"Duka."

"Jan ƙafa na yafe, iyakar saninka ke nan. Ruwa ma na yafe, ka ɗauka gyara kake yi." Ta ja zare ta cije shi. "Amma ka ga farar ƙasar nan da idonka, Malam. Ka san sawun yatsanka. Wannan ba rashin sani ba ne."

Na ce haka ne.

"Ba a ɗaki kaɗai ka faɗa ba. Inda ka kai maganar, can za ka je ka ɗauko ta."

Na fara da zaure. Bayan la'asar, da mutane suka cika, na ce ina da magana. Na ce Hajiya ba ta taka ba, na ga shaida da idona na take ta, don kada a ce ɗorina ya ƙi. Wani abokina ya so ya sauƙaƙa mini, ya ce, "Haba, wannan ai tsakaninka da iyalinka ne." Na ce a'a, a nan na faɗa, kuma ku kuka kai wa matanku. Ku koma ku gaya musu.

Saura gidan yayanta. Nan ne ƙafata ta yi nauyi. Dattijon ya san an yi mata aiki a wuya, amma kunnensa ya yi nauyi, bai fahimci alaƙar wuya da ƙafa ba. Ko da ya zo gaishe ta bayan an sallame mu, abin da ya rufe da shi shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi, a riƙa jin maganar miji." Na ce gobe zan je. Gobe ta yi na ce sai Juma'a. Sau biyu ina kaiwa bakin lungunsu in juyo. Ina cikin wannan jan ƙafa aka aiko da safe cewa ya rasu.

Bayan an share makoki ta ce mini, ba da faɗa ba, "Yaya ya tafi yana ganin na yi ƙarya." Ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe, tunda ba ta faɗar abin da ba shi ne a ranta ba. Muna hira, muna dariya wani lokaci. Amma wancan kunnen da ya kamata ya ji gaskiya ƙasa ta rufe shi, kuma ni na bari.

Har yanzu ina ɗori, sai dai yanzu ina tambaya kafin in taɓa. Wanda ya faɗo daga mangwaro na san abin da ya karya shi. Wanda ya ce yana tafiya kawai ƙashi ya ɓalle, ko ya daɗe da ciwon ƙashi da ƙishirwa, ko ya taɓa fitar da tsakuwa, ba na ja. Ina tallafe ƙafar in ce a wuce asibiti a auna jini. Wasu na cewa tsufa ya sa na zama matsoraci. Su faɗa.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, musamman 'yan'uwana masu sana'ar hannu da masu gida irina, kada ku bi sawuna. In naku ya ce muku jikinsa ba daidai ba, ku kai shi a duba tun yana tafiya da ƙafarsa. Kada ku hana majinyaci ruwa da dabararku. In aikinku ya ƙi, ku fara tuhumar saninku kafin ku tuhumi wanda ke kwance. In kuwa har kun riga kun ɗora wa wani laifin da ba nasa ba, ku tashi yau ku je ku wanke shi a gaban waɗanda suka ji, tun suna da rai.